Manoman Auyo da Haɗeja, ku bi diyyar inshorarku

Malam Edita,

Ina jan hankalin manoman shinkafa masu inshorar gona. In ambaliya ta ci gona, a sanar da kamfani a rubuce cikin wa'adin da ke takardar yarjejeniya, domin jinkiri kaɗai ya isa a hana mutum diyya. A ɗauki hoto tun ruwa na kwance, a adana rasit ɗin iri da taki. Kada a sake huɗa kafin mai tantance ɓarna ya zo. In an huɗa, an binne shaida ke nan.

In an ƙi biya, maganar baki ta wakilin kamfani ba hujja ba ce. A nemi dalili a rubuce, da sashen yarjejeniyar da aka dogara da shi, a mayar da martani haɗe da rahoton malamin gona. In aka ji shiru, a kai ƙorafi hukumar NAICOM, mai sa ido kan kamfanonin inshora, da kwafin komai.

Naku,
Wani malamin gona, Auyo