Sarauniyar kyau ta farko a Najeriya haifaffiyar Kano ce, kuma a jinyar mutanen Arewa ta ƙare aikinta

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira.

Na daɗe ina so in rubuto muku wannan wasiƙa, abin da ya sa na kasa haƙuri yanzu shi ne wata muhawara da ta sake tashi a wajen aikinmu kan gasar sarauniyar kyau, wata ƙawata ta dage wai kafin Shatu Garko, wadda ta ci gasar Miss Nigeria a 2021, babu wata mace daga Kano da ta taɓa shiga irin wannan gasa balle ta ci. Na ce mata ba haka ba ne ta ƙi yarda, sai na lura ashe duk waɗanda ke zaune a wajen babu wanda ya taɓa jin sunan Grace Atinuke Oyelude, kuma fa dukkanmu ma'aikatan jinya ne, wallahi abin ya dame ni sosai.

Ita wannan baiwar Allah a Sabon Garin Kano aka haife ta a 1931, iyayenta mutanen Isanlu ne da ke jihar Kogi ta yanzu, a lokacin duk lardin Arewa ne. A Kano take aiki da kamfanin UAC sanda jaridar Daily Times ta shirya gasar Miss Nigeria ta farko a 1957. Gasar lokacin ba irin ta yau ba ce, hoto ake aikawa ta gidan waya sai a tace a kira waɗanda suka tsallake zuwa Legas, ɗan uwanta ne ma ya ga sanarwar ya sa aka tura hotonta, ita ce ta wakilci Arewa kuma ita ta ɗauki kambun, shekara uku kafin a samu 'yancin kai. Kyautar da aka ba ta fam 200 ce.

Toh nan ne inda nake so masu karatu su tsaya su duba da kyau. Budurwa mai shekara ashirin da 'yan kai, hotonta ya zaga ƙasa a jarida mafi girma a wancan zamani, kowa ya san fuskarta, ga kuɗi a hannu masu kauri a lokacin, da ta ga dama da ta zauna a Legas ta ci gaba da cin moriyar sunan. Amma sai ta tafi Ingila karatun jinya, ta zama cikakkiyar nas a 1961, ta ƙara da karatun ungozoma a asibitin St Thomas da ke Landan, sannan ta dawo gida, kuma da ta dawo Arewa ta nufo. Ta yi aiki a babban asibitin Kaduna, ta riƙe asibitin da a da ake kira Nursing Home wanda yanzu shi ne Barau Dikko, da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 ta tafi Makurɗi tare da ayarin ma'aikatan lafiya na Arewa don shirya asibiti karɓar waɗanda aka raunata. Daga baya ta koma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello har ta kai shugabar sashen jinya gaba ɗaya, a nan ta yi ritaya a 1985.

Malam Edita ni nas ce, na san abin da ake nufi da wannan aiki. Wanda bai taɓa yin dutin dare ba ba zai gane ba, ka tsaya da ƙafarka tun magariba har gari ya waye, wannan a sa masa ƙarin ruwa wancan a canja masa bandeji, can ga mai naƙuda tana kira, ga 'yan uwan majinyaci sun tsare ka da tambaya hankalinsu a tashe, wani lokacin a hannunka mutum zai cika kuma kai za ka fita ka faɗa wa iyalansa. Babu kwalliya a ciki babu tafi, kayanka ma warin magani suke. Ace mace ta ɗora kambu a kanta na shekara ɗaya sannan ta yi sama da shekara ashirin tana wannan hidima ga mutanenmu, mu kuma ko sunanta ba mu riƙe ba, gaskiya da sake. Kuma riƙe sashen jinya na asibitin koyarwa ba ƙaramin nauyi ba ne, ke ce mai tsara wa ɗaruruwan ma'aikata aiki, ke ce mai horo, ke ake nema in abu ya lalace a kowane ɗakin kwanciya.

Kar a yi min mummunar fahimta, ba wai ina tallata gasar kyau ba ne. Ni kaina da 'yata za ta zo min da maganar ba zan amince ba, domin tarbiyyar da na tashi a kai da abin da na fahimta a addinina ba su ba ni natsuwa da a jera mata a kan dandamali ana ba surarsu maki ba, wannan ra'ayina ne kuma ban ɓoye shi. Na kuma san dalilin da ya sa maganar take da zafi a wajenmu. Bayan Agbani Darego ta ci sarauniyar kyau ta duniya a 2001 a Afirka ta Kudu, aka shirya kawo gasar Abuja a 2002, abin ya faɗo cikin azumi, sai ga rubutun ɓatanci da wata jarida ta buga, rikici ya tashi a Kaduna aka rasa rayuka sama da 200, dole aka kwashe gasar zuwa Landan. Duk wanda ya ga wannan lokaci da idonsa ba zai ji kalmar gasar kyau zuciyarsa ta zauna daidai ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu kar ya maimaita mana.

Amma ƙin gasa daban, yanke wa mace hukuncin rayuwarta gaba ɗaya saboda dare ɗaya daban. Ku tuna abin da ya faru a Disambar 2021 da Shatu Garko ta zama Miss Nigeria ta 44, yarinya 'yar shekara 18 sanye da hijabinta, ta farko da ta ci a haka. Kafin gari ya waye Facebook ya cika, masu zagi na yi masu tsinuwa na yi har da iyayenta ba a bari ba, aka yi ta yaɗa labarin Hisbah za ta gayyace su, wasu kuma can suna ta kirari kamar ta 'yanto matan Arewa ne. Kowa ita yake magana a kai amma ba wanda ya damu da ita kanta, me za ta karanta, naira miliyan 10 da aka ce an ba ta me zai zama a rayuwarta, wa zai riƙe hannunta in shekarar ta ƙare aka ɗora wa wata kambun. Mai nasiha da gaske ai ba a bainar jama'a yake tsine wa yarinya sa'ar 'yarsa ba, zagi bai taɓa dawo da ɗa hanya ba sai dai ya ƙara tura shi nesa. Na tabbata da a ce akwai waya a hannun kowa a 1957 da Grace ma ta sha nata rabon, kuma da babu wanda zai hango cewa wannan ɗin ce wata rana za ta tsaya a kan marasa lafiyarmu a Kaduna da Zariya.

Don haka roƙona gare ku 'yan jarida shi ne ku daina tsayawa a daren da aka ɗora kambu, nan ne kawai kuke kawo mana hoto da cece-kuce sai labari ya mutu. Ku bi mana sawun matan nan bayan shekara goma, bayan ashirin. Kuma tunda ga misali a ƙofar gidanmu, don Allah Malam Edita ka tura wakilinka Zariya da Kaduna ya nemi tsofaffin nas-nas da ungozomomin da suka yi aiki a ƙarƙashin wannan mata kafin 1985, yawancinsu sun manyanta sosai yanzu, a ji daga bakinsu yadda ta tafiyar da aiki da yadda asibitocinmu suke a wancan zamani, a buga da Hausa yadda ɗalibanmu na makarantun jinya za su karanta. In kun buga ni da kaina zan kai wa ƙawar tawa kwafi har gida.

Na gode da ba ni fili, a huta lafiya.

Taku,
wata ma'aikaciyar jinya mai karanta jaridarku kullum, daga Zariya