Godiya ga Ma'aikatan Otal ɗin Taj Falaknuma na Haidarabad

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Taj Falaknuma Palace,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na zaɓi in rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a saboda godiyar da na yi muku a bakin ƙofa ranar tafiyarmu ba ta ishe ni ba. Yaba kyauta tukwici.

Jinya ce ta kai mu Haidarabad. An yi wa mahaifiyata aikin gwiwa a wani asibiti na birnin, kamar yadda mutanenmu da dama ke zuwa Indiya neman magani. Da aka sallame mu, likita ya ce ta ƙara murmurewa kafin ta hau jirgi, sai ni da ƙannena muka yi karo-karo domin Hajiya ta huta a inda ba ƙaurin magani. Kuɗin masaukinku da nauyi, ba na ɓoye wa kowa, amma babu ɗayanmu da ya yi da-na-sani.

Kun saba ɗauko baƙi daga ƙofar waje da keken doki, a hau tudun nan har gindin fada. Na so in ce a bar Hajiya a mota, ita kuwa ta ƙyalla ido ta ga dawaki ta ce sai ta hau. Ba wanda ya nuna ƙosawa. Aka kawo matakala, wata ma'aikaciya ta riƙe ta, mai linzami ya tafi a hankali don kada ƙafar ta girgiza. Kafin mu isa an shirya keken guragu, an ba mu ɗakin da ba sai an taka bene ba, da darduma a ninke, aka kuma nuna mana alƙibla tun ban buɗe baki ba.

Wanda bai san gidan ba, ya sani cewa fada ce ta gaske. Nawab Vikar-ul-Umra, wanda daga baya ya zama wazirin masarautar Haidarabad, shi ya aza harsashinta a 1884, aka kammala a 1893. Daga nan ta koma hannun Nizam na shida, wato sarkin Haidarabad Mahbub Ali Khan, ta zama masaukin manyan baƙin masarauta. Ta yi shekaru da yawa a kulle, har aka shafe shekara goma ana gyara ƙarƙashin kulawar Gimbiya Esra ta gidan sarautar Nizam, kuka buɗe ta a matsayin otal a 2010. Duk wanda ya ga yadda tsofaffin gidajen sarauta ke zubewa idan babu mai kula zai san girman wannan aiki. Marmarar Italiya tana nan, fitilun birnin Benis na Italiya na rataye, teburin cin abincin nan mai kujera 101 yana nan a shimfiɗe.

Masanin tarihin gidan da ya zagaya da mu na fi son a isar wa da saƙona. Hajiya ba ta jin Turanci, ni nake yi mata tafinta. Bawan Allahn nan da ya lura, sai ya riƙa faɗin magana guntu-guntu yana jira in juya mata, kuma ita yake kallo idan yana bayani, ba ni ba. A ɗakin karatu, inda aka adana tsofaffin kwafe-kwafen Alƙur'ani, ta yi ta tambayoyi, ya yi ta amsawa har sauran baƙi suka wuce. Dattijuwar da ta daɗe ana juya ta a gadon asibiti, ranar ta ga an tsaya ana sauraronta. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai.

Masu girki ma sun yi ƙoƙari. Biryanin Haidarabad, wato dafa-dukar shinkafarsu, akwai yaji, likita kuma ya hana ta yaji da gishiri da yawa. Mai dafa abinci ya fito da kansa ya tambayi abin da take iya ci, ya yi mata halim mai laushi, wanda ta ce ya tuna mata da faten alkama. Tun daga ranar ba mu sake maimaita bayani ba.

Ranar Juma'a kun haɗa ni da direban da ya kai ni Masallacin Makka na Haidarabad, dab da Charminar, ginin nan mai hasumiya huɗu da Sarki Muhammad Quli Qutb Shah ya gina a 1591, ya jira ni cikin cunkoson nan har aka idar, ya kuma biya da ni kasuwar Laad Bazaar na sayo wa 'yan gida awarwaro. Duk tsawon lokacin ma'aikatanku mata na leƙa Hajiya.

Roƙona ga shugabanni shi ne a karanta wa masu shara, masu wanki, masu kula da dawaki da masu gadi wannan wasiƙa, domin yawancinsu ban san sunansu ba, kuma da hannunsu aka yi mana komai. Hajiya ta dawo gida lafiya, tana takawa da sanda, ta ce in gaishe ku ɗaya bayan ɗaya. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa gidan albarka.

Naku da godiya,
Wani baƙonku daga Kano