A cire mana kuɗin romin tsakanin Najeriya da Nijar

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da duk ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, Allah ya ƙara basira. Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya mu mutanen bakin iyaka, wato kuɗin da kamfanonin waya ke yankar mutum da zarar ya tsallaka boda, wanda suke kira romin.

Ni ɗan Jibiya ne, sana'ata kai kaya Maraɗi in sayo wasu in dawo, kuma ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya can take aure shekara goma sha ɗaya kenan. To daga ka wuce Magama ka doshi Ɗan Isa sai ka ji waya ta yi ƙara, saƙo ne wai barka da zuwa Nijar, daga wannan lokacin duk kiran da ka yi ko ka ɗauka ko data da ka kunna wani lissafi ne daban. Garin da tun muna yara muke zuwa biki da suna da ta'aziyya, harshe ɗaya, abinci ɗaya, amma layinka na ɗaukar ka kamar ka sauka Faransa.

Bara da damina Inna ta kwanta rashin lafiya ina Maraɗi, na sa katin dubu uku kafin in tashi don na san za a neme ni. Yayana ya kira yana faɗa min sunan maganin da likita ya rubuta don in duba ko zan samu a can, ina tsaye bakin kanti na saƙale wayar a kafaɗa ina rubutawa a bayan rasit, kawai sai ɗif, layi ya yanke. Na duba, ba ko sisi. Wallahi sai da na roƙi mai kantin ya ara min tasa, bawan Allah ya miƙo min bai ko tambaye ni ba, to amma lambar yayan nawa tana cikin waya ban haddace ba, ga caji saura kaɗan, haka na tsaya ina kwafa hannuna na rawa. Tun daga ranar nake yawo da sim biyu, na Nijar ɗin na naɗe shi a 'yar takarda na cusa bayan kwandon waya, in na tsallaka in tsaya in nemi tsinke in canza. Kuma duk wanda ya neme ni a layin gida a ranakun nan ba zai same ni ba, ciniki nawa ya wuce ni a haka Allah kaɗai ya sani.

Wani abin ma ba sai ka tsallaka ba. Akwai ƙauyuka a nan bakin iyaka da mutum yana zaune a ƙofar gidansa wayarsa za ta kama sabis ɗin ƙasar maƙwabta da kanta, ya yi kira bai sani ba a caje shi kuɗin baƙo. Tsoho da bai iya karanta saƙon Turanci ko Faransanci ba ta ina zai gane? Sai dai ya ce katinsa na zurarewa. Mutanen Illela da Ƙonni, da na Maigatari, da na Kamba da Gaya, na tabbata in suka karanta wannan za su ce haka ne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin nan mai yiwuwa ne, an yi a wasu wurare. Tarayyar Turai ta soke kuɗin romin tsakanin ƙasashenta tun watan Yunin 2017. A wannan shekarar dai ta 2017 ECOWAS ta amince da dokar da ta ce ɗan yankin in ya je wata ƙasa ta ƙungiyar zai amsa kira kyauta har kwana 30, in zai kira kuma ya biya farashin 'yan gari. Ghana da Kodebuwa sun fara aiki da ita a 2023, daga baya Ghana ta yi da Togo da Benin. Su ma Nijar da Mali da Burkina Faso sun sa hannu a Yamai a watan Nuwamban 2024 sun cire wa junansu. Kai, manyanmu ma za su tuna zamanin kamfanin waya na Celtel wajen 2007 da aka haɗa Najeriya da Nijar da Chadi da wasu ƙasashe a tsari ɗaya, ka tsallaka da layinka ka amsa kira ba a taɓa maka kati ba, har katin can kana iya sawa. In an iya a wancan lokacin da waya ba ta kai haka yawa ba, me zai hana yanzu?

Na san za a ce ai Nijar ta fita daga ECOWAS tun Janairun 2025, dokar ba ta hau kanta ba. Gaskiya ne, amma ko lokacin da take ciki mu nan Jibiya ba mu gani a ƙasa ba, kuma su Ghana ɗin ma ai zama suka yi ƙasa da ƙasa hukumomin sadarwarsu suka sa hannu. Mu ma muna da NCC, Nijar na da ARCEP, ga hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar da ke Yamai tun 1971, aikin me take in ba irin wannan ba? Rikicin siyasa na manya ne, mu dai mun sha rufe boda a 2019 mun sake sha bayan juyin mulkin 2023, kuma duk da haka ba a daina aure da zumunci tsakanin Katsina da Maraɗi ba. Ga jirgin ƙasa ana shimfiɗa masa hanya daga Kano ta Jibiya har Maraɗi, fasinjan da zai hau shi ai da waya a aljihu zai hau.

Ga shi an ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, talaka ya haƙura ya biya, to a saka masa da wannan mana. Ina kira ga ministan sadarwa da shugabannin NCC, da 'yan majalisarmu na Katsina da Sakkwato da Jigawa da Kebbi da Yobe da Borno da Zamfara waɗanda mazaɓunsu ke jingine da iyaka, su tada maganar nan a zauren majalisa. Ko da amsa kira kyauta aka fara mun gode, sauran ya biyo baya. Kafin nan kuma a tilasta wa kamfanoni su riƙa turo saƙon farashin romin da Hausa, su faɗi nawa ne minti ɗaya ƙarara, yadda Inna ma in an karanta mata za ta gane.

Na gode Malam Edita, Allah ya bar zumunci.

Naka mai karatu kullum,
daga Jibiya, jihar Katsina.