A Ba Habasha Shafi a Filin Tarihi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ware shafi kan yadda ƙungiyar ƙasashen da ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi wa Habasha riƙon sakainar kashi.

A Oktoba 1935 sojojin Mussolini, shugaban Italiya, suka afka wa Habasha, alhali ita ma mamba ce a ƙungiyar. An ƙaƙaba wa Italiya takunkumi, amma ban da man fetur, mashigin Suwez kuma a buɗe, jiragenta na ta wucewa da makamai. Har iskar guba aka zuba wa mutane. A Yuni 1936 Sarkin Habasha Haile Selassie ya tsaya gaban taron ƙungiyar a Janiba yana neman agaji, 'yan jaridar Italiya na yi masa ihu. A Yuli aka ɗage takunkumin.

Abin yana ci mini rai, kuma yaranmu ba su san shi ba.

Naku,
Mai karatu daga Zariya