Zari-rugar keken guragu: ba da zufa ake auna wahalarta ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina neman ɗan fili a shafinku na wasanni domin in yi magana kan zari-rugar masu keken guragu. Abin da ke damuna shi ne, da an kawo labarin wannan wasa, sai tausayi ya rigayi yabo, kamar dai 'yan wasan sun fito motsa jiki ne kawai. Alhali wasa ne na karo, keke da keke, wanda aka ƙirƙira a birnin Winnipeg na Kanada a shekarun 1970, ya kuma zama cikakken wasan lambar yabo a gasar Olamfik ta nakasassu a Sidni a 2000.

Mutum huɗu ne kowane ɓangare, a fili irin na ƙwallon kwando, zango huɗu na minti takwas-takwas. Minti 32 ke nan a takarda, amma da yake ana tsayar da agogo, wasa kan haura awa guda. Dole a tsallake tsakiyar fili cikin daƙiƙa 12, a ci cikin 40. Saboda haka babu sararin numfashi: a taka birki, a juya, a sake tura keke daga tsaye, duk wannan da ƙarfin hannu da kafaɗa.

Ga inda nake so masu horarwa da 'yan jarida su lura. Da yawa cikin 'yan wasan nan sun samu rauni ne a laka ta wajen wuya. Irin wannan rauni yana yanke saƙon da ke sa zuciya ta ƙara gudu, don haka ko mutum ya kai ƙarshen ƙarfinsa, bugun zuciyarsa ba ya cika wuce 130 a minti. Kocin da ya dogara da na'urar auna bugun zuciya kaɗai zai ɗauka ɗan wasansa bai yi komai ba, ya ƙara masa kaya. Haka kuma jikinsu ba ya fitar da zufa yadda ya kamata, zafi sai ya taru a ciki. Shi ya sa ake fesa musu ruwa, ake sa musu rigar ƙanƙara a lokacin hutu. Wannan kariya ce ga rai.

Atisayen ma bai kamata ya zama iri ɗaya ga kowa ba. Ana ba kowane ɗan wasa maki daga 0.5 zuwa 3.5 gwargwadon abin da jikinsa ke iyawa, kuma jimlar mutum huɗun ba ta wuce 8, sai dai ana ɗaga wannan iyaka saboda kowace mace da ke fili. Mai ƙaramin maki aikinsa tare hanya da riƙe abokin hamayya, mai babban maki shi ke gudu da ƙwallo. To ta yaya za a gwada su da ma'auni guda? Kowanne a horar da shi kan saurin da wasa zai nema a wurinsa, tare da tuna cewa kafaɗar da yake wasa da ita, da ita yake hawa gado, da ita yake shiga mota.

Japan ta ɗauki zinare a Faris a 2024 bayan doke Amurka. Ina roƙon idan za ku kawo irin wannan labari nan gaba, ku gayyato masani ya yi wa masu karatu bayanin shirin da ya kai su can.

Wassalam,
Mai bibiyar shafinku na wasanni