Wasiƙar Kirsimeti zuwa Garwa ta Kamaru: Inna, a karɓi kwanon

Sitrasbur, Faransa, 25 ga Disamba

Inna da Baba, da Yaya, da duk mutanen gida,

Barkanmu da Kirsimeti. Allah ya maimaita mana, ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

A wannan watan agogonmu ɗaya ne da na Garwa, shi ya sa tun safe hankalina yana can. Da tara ta yi na ce yanzu Inna ta ɗaura zanen ankon zumuntar mata. Da sha biyu ta gota na ce yanzu masu waƙa sun ƙi sakin ganga, fasto yana satar kallon agogo, yara sun fara kukan yunwa. To, agogon ne kawai ɗaya. Nan gari ba ya wayewa sai bayan takwas, kafin biyar na yamma kuma duhu ya rufe. Mutanen nan daren 24 suke nasu bikin, kowa da iyalinsa, ƙofa a kulle. Wata guda ana turereniya a kasuwar Kirsimetinsu, wadda tun 1570 ake cin ta, ga bishiya mai tsawon kusan mita 30 an kafa a tsakiyar gari an yi mata ado kamar amarya. Amma yau, ranar da kanta, titi tsit, kamar an yi ruwa an ɗauke. Babu yaro ko ɗaya da sabon ɗinki yana bi gida gida yawon barka.

Abinci kuwa akwai shi har ya yi yawa, sai dai ba shi rai yake so ba. Miyar yakuwar Inna nake so, da naman akuyar Kirsimeti, da tuwon dawa mai ƙanzo. A nan abu uku ke ɓata ta. Yakuwar kanta babu ɗanya a hunturu; akwai wani ganyensu mai tsami, amma da ya ji wuta sai ya narke ya koma kamar kunu. Gyaɗar kantinsu ta shafa wa burodi ce, da sukari a ciki, cokali biyu sun isa su mai da miya alewa. Sai daddawa: in an same ta, ba a isa a soya ta a gidan bene ba, maƙwabta za su fito suna neman abin da ya mutu. Ita kuwa miyar nan ba ta son gaggawa. Nama ya fara nuna da albasa da daddawa da attaruhu, ya yi laushi tukuna. A dama markaɗaɗɗiyar gyaɗa ludayi biyu da romon, a zuba, a rage wuta har mai ya taso jajir a sama. Yakuwa kuma a tafasa ta daban, a zubar da ruwan fari, sannan ta shiga. Kanwa ɗan ƙiris, kamar ƙwayar masara. Ta wuce haka miya ta yi duhu ta ɗau ɗanɗanon sabulu. Auta, kina ji? Ke ce kullum hannunki ke zarcewa.

Amma ko miyar ba ita ta fi tsaya mini a rai ba. Kwanukan ne. War haka tsakar gida cike take da langa da samira a jere, Inna tana zubawa tana kiran suna: wannan na gidan Alhaji, wannan na gidan Liman, wannan na tsohuwar bayan famfo, a riƙe da kyau kada a zubar. Yara su fita a layi da kwano a ka. Ban taɓa jin wanda ya mayar da kwanonmu da tuwonsa ba. Ranar layya kuma cinyar rago ta shigo daga gidan Alhaji, Inna ta sa hannu biyu ta karɓa, ta yi godiya, ba wanda ya ce mun yi bara.

Shi ya sa maganar da Yaya ya gaya mini ta dame ni. Ya ce matan zumunta sun kawo abinci sau biyu tun da aka sallamo Baba daga asibiti da shanyewar ɓarin jiki, Inna ta ce a kai wa waɗanda suka fi mu bukata. Ya ce matasa sun zo maganar yankan masakwa, dawar nan ta rani, Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce an gode, za mu san yadda za mu yi. Ku yi mini afuwa, ba rashin kunya ba ce, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na san abin da ake gudu. Ana gudun gori, ana kuma gudun a ce 'yarsu tana Turai amma ikilisiya ke ɗauke da su. Kuɗin da nake aikowa, yuro 100 sefa 65,595 ne, yana sayen magani da ɗan cefane. Ba ya juya Baba da ƙarfe biyun dare. Mai shanyewar ɓarin jiki, in ba ya iya juyawa da kansa, duk awa biyu ake juya shi, dare da rana, in ba haka ba fatar ƙugu da diddige da gadon baya ta fara ja, daga nan ta buɗe ta zama gyambon da warkewarsa ta fi ta ciwon farko wuya. Sau goma sha biyu ke nan a kwana ɗaya. Mace ɗaya mai shekarun Inna ba za ta yi wannan wata uku ba tare da ita ma ta kwanta ba.

Gobe 26 hutu ne a wannan yankin na Alzas, ban da yawancin Faransa, saboda ranar Istifanas ce. Shi kuwa Istifanas aikin da aka fara zaɓensa a kai rabon abinci ne. A Ayyukan Manzanni sura 6, matan da mazansu suka mutu daga cikin masu jin Helenanci ana tsallake su a rabon yau da kullum. Mutanensu ba su yi kawaici ba, sun faɗa. Faɗar da suka yi ce ta sa aka zaɓi mutum bakwai aka ɗora musu aikin. Bitrus ma a Yohanna 13 ya janye ƙafarsa don kunya lokacin da Ubangiji ya zo wanke masa ita, kuma Baba ya fi ni sanin amsar da Ubangiji ya ba shi. Ana yawan jawo mana ayar da ta ce bayarwa ta fi karɓa albarka, sai mu ji kamar karɓa faɗuwa ce. To in kowa ya ƙi karɓa, mai bayarwa wa zai ba?

Masu aikin taimako a majami'ar da nake zuwa duk bakinsu ɗaya a kan abu guda: wanda ya fi wahalar taimako shi ne mai cewa "ba komai", sai kuma mai cewa "duk abin da ya sawwaƙa". Na farko ana ganinsa ne bayan abu ya lalace. Na biyu kuma a tara masa shinkafa buhu guda alhali abin hawa zuwa asibiti yake nema. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka shi zai nuna wurin.

Ga yadda nake ganin za a yi. Kada a tsaya gaban jama'a. Yaya ya samu dattijo ɗaya na ikilisiya da shugabar zumuntar mata, su biyun nan kawai, ya gaya musu bukata da sunanta da adadinta: mace biyu masu karɓar Inna kwanan jinya, Talata da Jumma'a, don ta yi barci cikakke ko sau biyu a mako, namiji ɗaya mai ƙarfi da safe don wanka da ɗaga Baba zuwa kujera, tunda Baba ba zai yarda mace ta yi masa ba, abincin rana sau uku a mako, mai mota ranar komawa asibiti, don babur ba na mai irin wannan ciwon ba ne. A kuma faɗi iyaka, a ce zuwa ƙarshen Fabrairu, sannan a sake zama. Taimakon da ba a sa masa iyaka ba yakan mutu da kansa: makon farko gida ya cika har a rasa tabarma, mako na huɗu ko kare babu, kowa yana zaton wani ya je. A rubuta sunaye da ranaku a takarda, ɗaya a hannun shugaba, ɗaya a manne bayan ƙofar ɗakin Inna. Abin da za a faɗa a sanarwar Lahadi kuma ku za ku zaɓa. In "a tuna da Baba cikin addu'a" kawai kuke so, a tsaya nan.

Abincin ma a faɗi irinsa, kada kunya ta sa a karɓi abin da zai cutar. Gishirin Baba na yini duka bai kamata ya kai ƙaramin cokali ɗaya ba, dunƙulen miya kuma rabinsa gishiri ne, kanwa ma danginsu ce. In yakuwa ce, a zubar da ruwan fari sau biyu maimakon kanwa. Tuwo ya yi laushi, a ba shi yana zaune a miƙe, kaɗan kaɗan, saboda shaƙewa. Masu dubiya za su zo da saiwa da jiƙe-jiƙe, kowa da labarin wanda ya sha ya tashi. A karɓa a gode, a ajiye. Maganin hawan jini ba a tsayar da shi ba a haɗa shi da wani abu sai likita ya sani.

Kuɗi ne wurin da zumunci ya fi ɓaci. Duk abin da zai shigo, a tambaya tun a tsaye: kyauta ne ko rance? In rance ne a rubuta nawa, da ranar biya, da shaidu biyu. In daga asusun ikilisiya ne ya biyo ta hannun ma'aji, in ma zai yiwu a kai shi kai tsaye kantin magani da takardar likita. Ta haka ba wani mutum ɗaya da zai ce shi ya yi, gori kuwa sai ya samu mai shi yake tsirowa. In duk da haka wata ta yi, don ba a rasa nono a ruga, kada Inna ta rufe ƙofa ga kowa saboda ita. A gaya wa shugaba a cire sunanta daga takardar a hankali.

Masakwa kuma ba ta jiran kowa ya warke. Ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu za ta isa yanka, in ta wuce lokaci tsuntsu ya ci, kan ya fara zuba, shanu su gama da sauran. A ba matasan nan Asabar guda. Mutum goma sha biyar su fara da asuba su tashi kafin rana ta take, a tanadi jarkar ruwa uku da tukunyar kunu da ƙosai. Wannan ba biya ba ne, haka ake gayya tun kakanni. Sussuka da sheƙa a sa musu wata ranar daban, kada a haɗa, gajiya ce ke sa a bar hatsi a ƙasa. Baba ya zauna a inuwa ya ba da umarni. Na san ba zai rasa abin gyarawa ba.

Sai kwanon. Inna, in an kawo, a juye, a wanke, a mayar da shi haka nan da "Allah ya saka da alheri". Na san hannunku ba ya iya mayar da kwano wofi, amma in kuka cika shi kun yi girki biyu ke nan, wadda ta kawo kuma ta koma gida tana jin ta ƙara muku ɗawainiya. Shekara nawa kuna kwana a bakin murhun gidajen makoki da na suna? Har na so in ce adashi ne kwasarku ta zo, sai na tuna a ikilisiya har wanda bai taɓa zubi ba yana kwasa.

Kai, na cika ku da wa'azi ranar biki, alhali ko katikis ban kai ba. Yanzu haka ƙamshin wani biskit nasu na kirfa ya cika benen nan, maƙwabciyata tsohuwa ta rataya mini ƙulli guda a hannun ƙofa ba ta ko ƙwanƙwasa ba. Nasu kwanon ke nan. Zan ci da shayi ina tunanin ƙanzo.

A gaida Yaya da matarsa da yara. A gaida Kawu. Gwaggo kuwa a gaishe ta gaisuwa ta musamman, a zauna a karanta mata wasiƙar nan a hankali kusa da kunnenta na dama, a ce mata man zafin gwiwa yana tafe, kuma har yau ba wanda ya kama ƙafarta a kunun gyaɗa, ko a Faransa ko a Jamus da ke tsallaken kogi. A tambaye ta ko akuyar nan mai taurin kai ta haihu, ko ita aka yanka yau. Ina gaida fasto da iyalinsa, da dattawa, da masu waƙa, har da mai gangar da ba ya jin "ya isa". Matan zumunta duka, ɗaya bayan ɗaya, musamman Maman 'yan biyu, wadda na san ita ce ta fara ɗauko kwano kuma ita ce za ta sake dawowa ko an kore ta sau goma. Gidan Alhaji da gidan Liman a ce ina gaisuwa, Allah ya bar zumunci. Mai ƙosan bakin majami'a. Tsohuwar bayan famfo, in an kai mata tuwonta. Wanda na manta ya yafe ni, sanyi ne.

Auta, ki shanya mini yakuwa a inuwa, ba a rana ba, ki ƙulle daddawa a leda uku, akwai mai tahowa bayan sabuwar shekara. Zan kira ranar Lahadi da huɗu, bayan an taso sujada an ci abinci. Yaya, kafin nan ka ga dattijon.

Taku har kullum,
'yarku ta Sitrasbur