Cutar mantuwa: A haɗa hannu tun daga ɗakin awon jini

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida domin mu yi magana kan cutar mantuwa, wadda aka fi sani da gigin tsufa. Wannan suna ma yana cikin abin da ke yi wa tsofaffi illa, domin da zarar an ce tsufa ne sai kowa ya naɗe hannu. Alhali ciwo ne da ke cin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma akwai masu shekara 90 da hankalinsu garau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da ita, kusan miliyan 10 na kamuwa da ita duk shekara, kuma sama da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi.

In ana zancen sababbin dabaru, hankali yakan tafi ga lecanemab, maganin da Amurka ta amince da shi a 2023. Ci gaba ne. Amma ta jijiya ake fara sa shi duk mako biyu, ga wanda ciwon Alzheimer, wani nau'in cutar mantuwa, bai yi nisa da shi ba, kuma dole a riƙa ɗaukar hoton MRI saboda yakan jawo kumburi ko tsiyayar jini a ƙwaƙwalwa. A gwaji ya rage saurin lalacewa da kashi 27 cikin ɗari a wata 18, bai dawo da abin da ya tafi ba.

Inda riba take shi ne rigakafi. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da in aka magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na wannan ciwo. Cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, ƙiba, rashin motsa jiki, kaɗaici, ciwon damuwa, raunin ji da raunin gani. A Finland an bi tsofaffi 1,260 tsawon shekara biyu a binciken FINGER, aka ga waɗanda aka haɗa musu gyaran abinci, motsa jiki, wasa ƙwaƙwalwa da lura da jini sun fi sauran riƙe tunaninsu.

Duk wanda ya duba wannan jeri zai ga ba aikin likitan ƙwaƙwalwa kaɗai ba ne. Mai awon jini, likitan ido, na kunne, mai ba da magani da iyali kowa yana riƙe da guntu, amma da wuya ɗaya ya san abin da ke hannun ɗaya. Shawararmu, duk wanda ya haura shekara 60 in ya zo awon jini a ƙara masa minti biyar: a faɗa masa kalmomi uku, a sa ya zana agogo, sannan a ce ya maimaito kalmomin. A kuma tambayi wanda ya rako shi ko ya fara maimaita tambaya, ko ɓata a hanyar da ya sani, ko rikicewa a lissafi.

A nan ake yawan kuskure. Wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba zai faɗi zanen agogo ko ƙalau yake, haka wanda bai ji kalmomin ba tun farko. Saboda haka jami'o'i su taimaka a daidaita gwajin da harshen mutane da iliminsu. Kafin a ce mantuwa ce, a duba sinadarin bitamin B12, aikin tayirod (halittar da ke wuya wadda kumburinta ke jawo maƙoƙo), ciwon damuwa da magungunan da yake sha. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa ta gaggawa ce, sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki.

Bayan an gano, akwai taimakon da ba ya buƙatar na'ura. Tsarin motsa ƙwaƙwalwa na rukuni zama 14 ne, sau biyu a mako, minti 45 kowanne, da mutum biyar zuwa takwas, kuma ma'aikacin lafiya na unguwa zai iya jagoranta in an horar da shi. Masu jinya a gida kuma akwai darussan iSupport na Hukumar Lafiya ta Duniya, kyauta; gwamnatoci da kafafen yaɗa labarai su fassara su, su sa a rediyo da waya.

Masu jinyar nan su suka fi ba mu tausayi. Tsohuwa takan tashi da almuru ta ɗaure kayanta ta ce gida za ta tafi, alhali a gidanta take. Musu da ita ƙara tunzura ta yake yi. A kunna fitila, a kashe talabijin, a duba ko zafi take ji ko fitsari ya matse ta, a ɗan taka da ita har ta lafa. Kada a fara da magungunan kwantar da tabin hankali, domin suna ƙara haɗarin shanyewar jiki da mutuwa ga masu wannan ciwo. Masu ƙera na'urar bin sawu, wadda ke nuna inda tsoho yake in ya ɓata, su kuma su zauna da masu jinya kafin su ƙera: wadda sai an yi mata caji kullum, ko tsoho zai iya cirewa, tana kan tebur ranar da zai ɓata.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiya masu kula da tsofaffi